Mutumin da Bai Waiga Ba

Da hantsi labarin ya iske Magoroku, yana tsugune a bakin kasuwar Akamine yana auna wa wata mata gishiri. Mai gawayi ne ya zo da shi, har yana haɗiye rabin maganar don ɗoki. An kama wani shinobi, wato ɗan leƙen asiri, a gwalalon ganuwa, ruwa iya ƙirjinsa, da igiya mai ƙugiya naɗe a ƙugunsa. Karnuka ne suka tona masa asiri. An kwana ana jibgarsa bai ce uffan ba, shi ne aka fito da shi aka ɗaure a jikin gungumen da ke bakin babbar gada, kowa ya zo ya gani.

"Babba ne?" in ji matar.

"Ina fa. Saurayi ne ɗanye shar. Da tabo a haɓarsa, kamar an taɓa tsaga ta an ɗinke."

Magoroku ya shafe bakin ma'aunin katakon da tafin hannu, ya juye mata a ƙyalle, har ya ƙara mata gyara. Tabon nan kuwa ya san shi fiye da kowa a duniya, don shi ya ɗinke shi da allurar buhu, ranar da ɗansa Tasuke ya suɓuto daga reshen da yake koyon reto da hannu ɗaya.

Mu mutanen Iga ba mu taɓa yarda da uban ƙasa a kanmu ba, kuma muna taƙama da hakan fiye da yadda ya kamata. Duwatsu sun kewaye mu, ƙasarmu yumɓu ce, in rana ta buɗe sai ta tsage ta shanye ruwan gonar shinkafa muna kallo. Abin da ƙasa ta hana mu sai muka neme shi a jikin 'ya'yanmu. Tunda manya suka shiga cin naman juna, kowane mai ganuwa yana son sanin abin da ke cikin ganuwar maƙwabcinsa, mu kuma muna da yaran da suka iya hawa bango, suka iya yini a ƙarƙashin ruwa da gora a baki, suka iya harshen kowace gunduma kamar can aka yanke musu cibi. Dattawa su zauna a haikalin ƙauye su daidaita da mai haya, a ɗauki gida guda a tura. Haka aka turo gidan Magoroku Akamine.

Shi ya fara zuwa, da sanda a kafaɗa da kwandunan gishiri biyu, ya zauna har gari ya manta baƙo ne. Daga baya 'yarsa Omaki ta shigo ta wata hanya daban da sunan marainiya, ta samu aikatau a gidan mai dafa giyar shinkafa da ke kai wa ganuwa kaya. Tasuke shi ba ya zama, shigowa yake yi ya hau ya duba ya fice. Babu mahaluƙin da ya san ukun nan jini ɗaya ne. Yanzu ga shi an kama ɗaya. Tasuke ya riga ya tafi ko da yana numfashi, wannan Magoroku ya yanke shi a ransa tun kafin matar ta gama ƙulle ƙyallenta. Abin da ya rage masa a duniya shi ne Omaki ta bar garin nan da ranta. Ita kuwa ba ta da ƙofar fita sai bikin matattu, lokacin da ake sallamar barori su je gaida kaburburan iyayensu. Duk baran da ya ɓace kafin nan, a kwanakin da aka kama ɗan leƙen asiri, ya tona wa kansa asiri da kansa.

Akwai darasi ɗaya da muke ba yara wanda ba ma faɗa wa masu hayarmu. Wucewa muke kiransa. In yaro ya fara wayo sai a goya masa kaya, a zaunar da uwarsa a bakin hanya, a shafa mata jinin kaza a fuska, ta yi ta kuka tana kiran sunansa. Aikin yaron shi ne ya wuce. Kada ya rage sauri, kada ya ƙara, kada ƙwayar idonsa ta motsa. Uban yana biye da tsumagiyar gora. Ana so ya shiga jikinsa cewa wanda aka kama ba shi da uba, ba shi da ƙauye, ba shi da suna. Haka aka yi wa Magoroku, haka ya yi wa nasa. Tasuke bai daɗe ba ya iya. Omaki kuwa sai da bayanta ya yi rudu-rudu, duk da haka idonta bai daina zamewa ba, uwarta ma ta daina yi wa Magoroku magana har aka gama girbi. A ƙauyensu ana nuna shi da baki, ana cewa ga wanda ya fi kowa iya wucewa, shi ma kuma ya yarda.

Gadar ba ta kaucuwa. Kasuwa da ɗakinsa suna wannan ƙetaren, rumbun gishiri da gidan giya suna wancan, kuma mai gishirin da ya sauya hanya haka kawai sai an tambayi dalili. Da rana ta take ya saɓa sandarsa ya nufe ta.

Mutane sun yi cincirindo. Yara na jifa da ɓawon kankana, wani maƙeri na ta surfa zagi, gyare na ƙara a itatuwan bakin ruwa har kunne ya gaji. Tun daga nesa ya jiyo muryar a dushe tana cewa, "Ruwa. Inna, ruwa. Baba mai itace, ruwa." Ya yaba dabarar a ransa. Wanda ke roƙo kamar ɓarawon kaji ana iya raina shi a daina tambayarsa. Ya kafa idonsa a kan katakon gadar, ɗan gaba da yatsun ƙafarsa, ya saki fuska, ya bar sandar tana kukanta a kafaɗarsa yadda ta saba. Da ya zo daidai gungumen sai muryar ta ɗauke. Ya wuce. Sai da ya yi gaba ta sake tashi. Ransa ya yi baƙi ƙirin, amma a ƙarƙashin baƙin akwai alfahari, abin kunya ne faɗarsa amma haka ne. Yaron bai manta karatunsa ba.

Daura da gungumen akwai rumfar Otora, tsohuwa mai curin shinkafa da ruwan sha'ir, wadda bakinta ba ya hutawa sai in barci ya sace ta. A kan bencinta Dengoro ne zaune, wani tsohon samurai, mayaƙin uban ƙasa, mai ɗingishi da aka ɗora wa tsaron gada tunda ƙafarsa ta raba shi da yaƙi. Sun saba da Magoroku.

"Tsoho mai gishiri," in ji Dengoro, "yau ma da yashi ka haɗa mana?"

"Ranka ya daɗe, yashin ma ya yi wuya. Yanzu toka muke sawa."

Dengoro ya yi dariya har yana dafa gwiwa. "Zo ka jiƙa maƙoshi. Zafin nan zai narkar da kai da hajarka."

"Ana jirana a gidan giya, ranka ya daɗe."

Ya rusuna ya wuce.

A ƙofar baya ta gidan giya, inda ake kife gangunan da aka wanke, Omaki ta fito da buhu. Siririya ce, mai manyan idanun uwarta. Ta tsuguna ta buɗe bakin buhun, ta yi magana ba tare da leɓenta ya motsa sosai ba.

"Ka gan shi?"

"Riƙe bakin buhun da kyau."

"Baba, ka gan shi?"

"Ban ga kowa ba. Ke ma ba ki da kowa a can. Kuma kada ki sake kirana haka a gidan mutane."

"An ce sun karya masa yatsu."

"An ce." Ya juye ma'auni ɗaya, ya ɗebo wani. "Buɗe kunnenki. Ƙafarki kada ta taka gadar nan. In an aike ki, ki ce cikinki ke murɗa. Ranar da aka sallame ku ki bi hanyar kogi, kada ki jira ni, kada ki tambayi kowa labarina."

"Matan gidan nan suna cewa za su kai masa ruwa. Masu gadi ba sa hanawa."

"Ba sa hanawa don kallo suke yi. Ke yarinya ce? Duk hannun da ya miƙa ludayi an gan shi."

"Har matar mai wanki ta ba shi, ba abin da aka yi mata."

"Matar mai wanki ba ƙanwarsa ba ce. Ke tun kina ƙarama fuskarki ba ta riƙe komai."

Ta girgiza buhun, gishirin ya zauna. Can ta ce, "Da Inna na da rai..."

"Innarki ta zauna a bakin hanya da jini a fuska saboda rana irin ta yau. Kada ki zubar mata da wahala."

Daga ciki uwar gidan ta ɗaga murya. "Omaki, gishiri ake saye ko aure ake ɗaurawa?" Omaki ta ɗaure buhun ta rungume shi ta shige, ba ta ce masa sai an jima ba.

Mutanen Akamine ba su da riƙo. Masu jifan ranar farko su ne masu tausayin kwanakin da suka biyo. Da aka ga saurayin ya ƙi mutuwa kuma ya ƙi magana, sai gari ya fara jin shi a jiki. Manoma masu shigowa da kaya suna tsayawa su cire malafa. Wani malamin haikali ya riƙa zuwa yana yi masa karatun Buda. Maƙerin nan mai zagi shi ya kawo tabarma ya ɗaura a saman gungumen don inuwa, yana gunaguni wai ba don ɓarawon ya yi ba, don wari ne. Mata kuwa ba a magana, kowacce ta zo wucewa sai ta tsaya ta kama haɓa, wata ta share hawaye, wata ta miƙa ludayi. Magoroku yana jin su a gefen kunnensa, yana raina su. A ganinsa tarkacen mutane ne da ba a taɓa yi wa horo ba, abin da ke cikinsu duk yana kan fuskarsu kamar kayan talla.

Shi dai safe da yamma yana wucewa. Kullum muryar tana ƙara ƙanƙancewa, kullum in kukan sandarsa ya matso sai ta ɗauke. Ya daina iya cin abinci, sai ya zauna da kwanon gero a gaba har ya huce, sannan ya tura shi ciki da ƙarfi don kada a ga ya rame. Wuyansa ya sandare, ciwo yake yi tun daga ƙeya har kafaɗa, saboda riƙe shi da yake yi a kan gadar. Yana son ya kalli ɗansa. Bai taɓa son wani abu haka ba tunda aka haife shi, kuma ya ɗauki wannan son a matsayin abokin gaba da ya kamata a kayar.

Wata yamma Otora ta tare shi da labari tun kafin ya gama gaida Dengoro.

"Mai gishiri, ka yi asarar kallo. Ɗazu 'yan aikin gidan giya suka zo ayari guda da tulun ruwa. Ka san 'yar siririyar nan, Omaki? Tana ba shi ruwan sai ta fashe da kuka, ta zube a ƙasa, sai da aka tallafe ta aka tafi da ita. Na ce to, ga ɓarawo a ɗaure amma bai daina sata ba, ya sace zuciyar 'yar mutane."

"Mata ke nan," in ji Dengoro, yana kore ƙuda daga kofinsa. "Jiya ma wata ta suma."

Magoroku ya yi dariya daidai gwargwado, ya ce yarinyar dama ba ta cika hankali ba, ko awo ba ta iya dubawa. Bai san yadda ƙafafunsa suka kai shi ƙofar bayan gidan giya ba.

Ta fito idanunta a kumbure, ko buhu ba ta riƙo ba.

"Kin kashe kanki," ya ce.

"Kowa ya tafi. Ni kaɗai zan zauna?"

"Na ce miki cikinki ke murɗa."

"Bai ma gane ni ba, Baba. Inna ya ce mini. Yanzu kowace mace Inna yake ce mata." Ta share ido da bayan hannu. "Leɓensa ya tsattsage. Ya sha, rabi yana zuba. Idonsa na kan hanyar kasuwa. Ka dube shi sau ɗaya, ba zai kai biki ba."

"In na dube shi na gaya masa duk abin da ya sha a banza ya sha."

"Sau ɗaya kawai."

Hannunsa ya ɗaga da kansa, sai ya tuna a gidan wa yake, ya mayar da shi kan sandar. Tsoro ne ya cika shi, amma da fushi ya fito, kamar yadda yake fito wa iyaye da yawa.

"Yayanki yana can yana ruɓewa a tsaye bai kira sunanki ba, ke kin je kin kira nasa da hawaye. Abu ɗaya na roƙe ki ki koya a rayuwarki, ɗaya tak, kin kasa. Da na san haka za ki zama, da a gona na bar ki kina korar tsuntsaye."

Ta dube shi. Hawayen da ke idonta ya tsaya inda yake, bai zubo ba. Ta sunkuya ta yi masa gaisuwar da bara ke yi wa ɗan kasuwa, ta juya ta shige. Ya tsaya jim a cikin warin dusar giya, sannan ya saɓa sandarsa.

Ya zauna jiran a zo a kama ta. Ba a zo ba. Da wani ne ya ga haka da ya tsaya ya yi tunani, amma Magoroku ya riga ya san amsar komai tun yana yaro. Ya ce a ransa sakin igiya suke yi mata don ta kai su wurin na biyu. Saboda haka ya daina zuwa gidan giya da kansa, ya ƙara gyara wucewarsa a kan gada, har ya zamana ko gefen tabarmar inuwar ba ya shiga idonsa.

Ana gobe biki gari ya tashi da hadari mai nauyi wanda ya ƙi zuba. An fara rataye fitilun takarda a ƙofofi, mata na wanke allunan da ke ɗauke da sunayen kakanni. Gobe Omaki za ta kama hanyar kogi. Da wannan a ransa ya nufi gada, kuma a karon farko ya ji ƙafarsa ta ɗan yi sauƙi. Bai jiyo muryar daga nesa ba, ya ce a ransa yaron ya fara gane kukan sandar tun daga kwanar kasuwa. Mutane na tsaye shiru. Ƙamshin turaren itace na tashi. Ya kafa ido a katako ya wuce, wucewa mai kyau, babu abin da tsumagiya za ta samu a ciki.

"Tsoho mai gishiri," in ji Dengoro. "Yau kam sai ka zauna."

Masu mashi biyu sun riga sun tsaya a bayansa. Ɗaya ya sauke masa sandar daga kafaɗa da ladabi, ya zare wuƙar da ke ɓoye a cikin gorar sandar kamar dama ya san tana nan. Magoroku ya zauna a bencin. Otora ta ajiye masa ruwan sha'ir ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa gani ba.

"Ka san ni ba mai wayo ba ne," in ji Dengoro. "An ce in zauna nan in ga wanda zai yi wa yaron nan kuka. Na ce to. Sai gari duka ya yi masa kuka. Wa zan kama? Matar mai wanki? Maƙeri? Uwar 'ya'yana ma ta kawo masa romo a ɓoye, tana tsammanin ban sani ba. Da na gaji sai na fara duba wanda bai tsaya ba." Ya kurɓi ruwansa. "Makahon nan mai tausa, in ya zo nan sai ya juyo da kai. Dokin mai gawayi ma turjewa yake yi. Kai kaɗai, safe da yamma, kamar icen banza aka kafa."

"Ranka ya daɗe, ni mai raunin zuciya ne. Ba na iya kallon jini."

"Mai raunin zuciya kau da kai yake yi, ya runtse ido, ya ɗaga ƙafa. Na ga irinsu da yawa a nan. Kai ba ka kau da kai ba, ba ka ɗaga ƙafa ba. Ba ka yi komai ba, tsoho. Mutum ba ya iya yin haka sai an koya masa." Ya ajiye kofin. "Shi ma haka. Ya roƙi kowa, har yaran da suka jefe shi. Amma da ya ji kukan sandarka sai ya haɗiye harshensa ya sunkuyar da kai. Ɗanka ne?"

Magoroku ya kafa ido a kan ruwan sha'ir ɗin da ke gabansa.

"Ba sai ka faɗa ba. Juya ka gan shi, babu sauran abin ɓoyewa."

Wuyan ya ƙi juyawa, sai da ya juya da kafaɗunsa gaba ɗaya kamar mai ciwon baya. Ga gungumen, ga tabarmar maƙeri. Jikin ya saki a cikin igiyoyin, gwiwoyi sun lanƙwashe, hannayen sun kumbura sun yi baƙi. An lulluɓe kan da wani farin ƙyalle. A ƙasa an soke sandunan turare, an ajiye curin shinkafa a kan ganye.

"Tun da asuba," in ji Otora a hankali. "Ni na rufe shi. Duk gari ya sani."

Duk gari ya sani, ban da uban da ya wuce ta gabansa yanzun nan yana yaba wa kansa. Magoroku ya miƙe, masu mashin suka riƙe shi.

"A ɗaga ƙyallen," ya ce. Muryar da ta fito ba ta mai gishiri ba ce, harshen Iga ne tsantsa.

"Kwana da kwanaki fuskar nan tana buɗe, tsoho," in ji Dengoro. Ba da mugunta ya faɗa ba. "Yanzu ƙuda sun ɓata ta. Bar shi haka."

Aka ɗaure masa hannaye ta baya. Dengoro ya dogara takobinsa ya tashi da ƙyar.

"Ba zan sa a dake ka ba, na ga duka ba ya buɗe bakinku. Amma wani ne ya gaya wa yaron nan lokacin da ake sauya masu gadin hasumiya, kuma mai gishiri ba ya shiga ganuwa. Akwai na uku. Za mu zaga gari da kai lungu-lungu, ni ina gefenka. Yanzu na iya karatunku. Duk wanda idonka ya tsallake, shi nake nema."

Haka aka tasa shi gaba, mai ganga yana shela. Magoroku ya gane abin da ya rage masa, kuma abu ne da bai taɓa koya ba. Dole ya kalli kowa. Ya ɗaga kai ya kalli mai gawayi, ya kalli maƙeri, ya kalli matar da ya yi wa gyara ranar da labarin ya zo, kowa ya ba shi ido daidai da na ɗan'uwansa. Shekara da shekaru yana cikinsu, sai yau ya ga maƙerin ashe yana da hakiya a ido ɗaya. Suna ta zaginsa. Munafuki, macuci, ashe da gishirinka kake auna mu. Da aka ji cewa uban yaron ne sai zagin ya sauya, mata suka fi kowa zafi. Wata ta watsa masa ruwan wanki ta ce ko kare ya fi shi. Bai ji haushi ba. Ya kalle ta ita ma.

Suka bi layin masu rini, suka bi na masu tabarmi, Dengoro na ɗingisawa a gefensa, numfashinsa na fita da ƙyar, idonsa na kan fuskar Magoroku. Da suka karyo kwanar gidan giya sai zuciyarsa ta shiga bugawa har yana jin ta a haƙoransa. Shi dai ya yarda da kansa, zai kalli Omaki kamar kowa, zai ma samu ganinta na ƙarshe a ciki. Ita ce abin tsoron. Ya shiga roƙo a ransa, shi da bai taɓa roƙon komai ba. Ki yi kuka, 'yata. Ki tofa mini yawu. Ki zube kamar yadda kika zube a gada. Ki yi duk abin da kika saba yi.

'Yan aikin sun fito ƙofa sun yi dafifi, uwar gidan na gaba tana nuna shi da ludayi tana tsine masa, wasu na kuka, wasu na leƙe ta kafaɗar wasu. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ba ta cikinsu.

Sai ga ta daga wajen rijiya, da sanda a kafaɗa da guga biyu cike da ruwa. Ta ji gangar, ta ji sunansa a bakin mai shela, ba yadda za a yi a ce ba ta ji ba. Hanyarta ta ratsa tsakanin taron da shi. Ya kalle ta. Ta taho, ba ta rage sauri ba, ba ta ƙara ba. Fuskarta a sake, idonta a ƙasa ɗan gaba da yatsun ƙafarta, ƙwayar ba ta motsa ba. Ta gifta ta gabansa har gefen rigarta ya kusa taɓa gwiwarsa, ko ɗigo ɗaya bai zuba daga gugan ba. Tunda yake bai taɓa ganin wanda ya yi wucewa mai kyau haka ba, har Tasuke, har shi kansa.

Takun ɗingishin da ke gefensa ya tsaya.

"Tsoho," in ji Dengoro a hankali, "ba waccan ce ta zube a gada tana yi wa baƙo kuka ba?"

Ya ɗaga wa masu mashin hannu, ya nuna musu bayan Omaki.